Zakaran Mama Lizzy a Aji Uku

Wani ne, ɗalibin kwalejin horon malamai, aka tura shi koyon aikin koyarwa a wata firamare da ke unguwar Arawa, abin da suke cewa tichin firaktis. Sati shida zai yi. A cikinsu sufabaiza zai zo sau ɗaya tak ya kalli darasinsa ya ba shi maki. In ya ci, bana ya gama. In ya faɗi, sai baɗi. Ga shi uwarsa ta riga ta zaga ƙauyensu kaf ta ce ɗanta ya zama malam.

Ranar farko ya samu wani tsohon malami a makarantar, Malam Ɗayyabu, ya ce, "Malam, yaya ake gane sufabaiza?"

Malam Ɗayyabu ya ce, "Ba ya faɗin ranar zuwansa. Sai dai ka ga baƙo a bakin taga, riƙe da fayil. Ka ba shi kujera, ka ba shi lemo mai sanyi. Kuma kada ka koyar da fatar baki. Suna son kayan koyarwa, abin da yaro zai gani ya taɓa."

Gogan naka ya koma gidan da yake haya a unguwar Malam Inna yana ta tunani. Sai idonsa ya sauka kan zakaran mai gidan, Mama Lizzy, wani ƙato ja da take kiwo saboda Kirsimeti. Ya durƙusa.

"Mama, aron zakaranki nake so. Makaranta zai riƙa raka ni."

Ta ce, "Ɗana, ni da na haifi biyar, biyu ne suka yi boko. Ɗauke shi. Amma gashi ɗaya kada ya ɓata."

Nan ya tsara darasi guda ɗaya, Sassan Jikin Zakara, ya haddace shi har da wurin da zai yi murmushi. Kullum da safe zai shiga keke napep, zakara a hammata, kwalbar lemo a jaka. In ya isa aji uku sai ya ɗaure shi a ƙafar tebur.

Ranar Laraba yana cikin lissafi sai ga wani mai tabarau a bakin taga, da fayil. Mutumin namu ya goge allo da hannun riga. Ya jawo baƙo ya zaunar, ya buɗe masa lemo, ya kwance zakara ya ɗaga sama.

"Yara, wannan mene ne?"

"Zakara!"

"Wannan jan abin da ke kansa, sunansa zanko. Ku ce zanko."

Minti arba'in cif yana yi. Baƙo ya shanye lemo, ya yi gyatsa, ya ce, "Kai, Allah ya yi albarka. Don Allah ina ne ofishin hedimasta? Takardar haihuwar yarona na kawo."

Sati na biyu, wata mata ce ta leƙo da takardu. Ya goge allo, ya buɗe lemo, ya ɗaga zakara. Ashe mai allurar rigakafi ce. Bayan ita sai kafintan da ya zo ƙirga bencin da suka karye. Shi kam da ya ɗanɗana, har sau uku ya dawo, kuma duk zuwa da sabon fayil. Labari ya bazu a unguwa cewa akwai ajin da ake shan lemo in dai kana riƙe da takarda. Zakaran kansa ya gane aiki. Da ya ga an goge allo sai ya miƙe ya buɗe fukafukai.

Sati na biyar gogan naka ya rame, ya ƙufula. Sai ga wani dattijo ya shigo a ƙafa, gumi sharkaf, silifa duk ƙura, da baƙar leda a hannu.

Mutumin namu bai ko amsa sallamarsa da kyau ba ya ce, "Baba, lemo ya ƙare. Wanda ya rage na manya ne. Ofishin hedimasta kuma ga shi can."

Dattijo ya ce, "A'a, ni nan zan ɗan zauna."

"To ba a zaman banza a ajina. Riƙe min zakaran nan, igiyarsa ta tsinke."

Dattijo ya karɓa ya zauna a bencin baya, ya ɗora zakara a cinya. Sannan ya zura hannu cikin leda ya zaro takardar ba da maki, mai tambarin kwaleji, da jan biro. Ya ce, "Mota ce ta mutu min wajen unguwar Federal Low-Cost, na tako. Bismillah, malam, ina jinka."

Mutumin namu ya goge allo. Ya buɗe baki ke nan, "Yara, yau za mu..."

Aji duka ya ɗauka, "Sassan jikin zakara!"

"Wannan jan abin..."

"Da ke kansa, sunansa zanko! Ku ce zanko! Zanko! Ku tafa wa kanku!"

Suka tafa. Zakara ya miƙe a kan cinyar sufabaiza ya buɗe fiffiken dama, yara suka ce fiffike. Ya ɗaga ƙafa, suka ce ƙafa. Ya juya baya, suka ce jela. Malamin ajin yana tsaye da alli, ko kalma bai samu ya saka ba. Monita, wata 'yar firit mai suna Najeeba, ta buɗe jakarsa ta ɗauko lemon ta kai wa dattijo, ta rusuna ta ce da muryar malaminta sak, "Yallabai, a ɗan jiƙa maƙoshi."

A minti bakwai aka gama darasin minti arba'in. Zakara ya yi cara ya zauna.

Sufabaiza ya kurɓi lemo ya ce, "Madalla. To yara, bakwai a tara da biyar, nawa ke nan?"

Yara duka suka juya suna kallon zakara.

"Najeeba, ban da zakara, me malam ya koya muku a sati biyar?"

Ta ce, "In baƙo ya zo da takarda, a goge allo."

Dattijo ya duƙufa yana rubutu da jan biro, ya daɗe yana yi. Da ya tashi tafiya gogan naka ya bi shi har bakin ƙofa, yana murza hannu.

"Yallabai, wallahi ban gane ka ba ne. Uwata ta riga ta gaya wa mutane."

"Sai ta ƙara musu da cewa baɗi ne."

Gogan naka ya ce, "To Yallabai, baɗin in sake zuwa da zakaran?"

Dattijo ya miƙa masa shi ya ce, "A'a, bar shi ya huta. Shi ai ya ci, kai ne za ka maimaita."