Ranar da Motocin Manya Suka Juya wa Ofis Baya

Ni na fara gani. Tun kafin rediyo ya faɗa, tun kafin masu tabarau su buɗe jarida, na san kuɗinmu sun kama hanya. Ban taɓa zama a aji ba, amma na yi shekara talatin da shida ina gadin ƙofa. Kamfani uku suka mutu a kan idona, ni kuwa ga ni nan daram da haƙorana goma sha ɗaya.

Ga ilimin, kyauta na ba ku. Muddin kamfani na da lafiya, manaja zai shigo ya ajiye mota hancinta na kallon gini. Ranar da ka ga ya fara shigowa da baya, hanci na kallon ƙofar fita, to tattara naka. Bara na je ofishin da ke juya mana kuɗin sallama a hannun jari, na tarar da motoci bakwai, duk sun juya wa ginin baya. Na dawo na gaya wa maƙwabcina, tsohon malamin lissafi. Ya ce, "Haba Baba Maigadi, ai ba a farfajiya ake karanta kasuwar jari ba." Yanzu da nasa kuɗin suka bi namu, jaridar jiya yake karantawa a shagon mai aski.

Za ku ce me ya hana ni cire kuɗina tun lokacin. Na nema. Aka ce sai Mai Girma Uban Asusu ya sa hannu, shi kuwa yana ƙasar waje, taron ƙara wa juna sani kan kare dukiyar tsofaffi. Wata huɗu ya yi yana kare mu daga can. Allah ya saka masa da alheri.

Watan jiya na koma, don likita ya ce yanar da ke idon uwar yarana ta yi kauri, in ba a cire da wuri ba idon zai tafi. Ɗayan ya daɗe da tafiya. Na tarar an canza kujeru, an ƙara na'urar sanyi har sai da gwiwata ta gaishe ni. Wani jami'i mai kwat ya juyo min da kwamfuta, ya nuna wani jan layi yana gangarawa kamar wanda aka tura daga bene.

Ya ce, "Baba, ba asara ka yi ba. A takarda ne kawai. Sai ka sayar take zama asara."

Na ce, "To kuɗin suna ina?"

"Suna nan. Darajarsu ce ta sauka, kashi huɗu cikin goma."

"Albashinka fa, kashi nawa ya sauka?"

Ya ce a kawo wa Baba ruwa.

Sannan ya shawarce ni in yi haƙuri shekara goma, kasuwa za ta farfaɗo. Na ce, "Ɗana, shekarata saba'in da huɗu. Da wa ka yi magana aka ba ka goman nan? In ma ni na jira, idon zai jira?" Ya ce wannan ba sashensa ba ne.

Na ce a sayar. Na dangwala yatsa a takarda tara. Daga abin da ya rage suka cire kuɗin kulawa. Kuma gaskiya sun kula, don asarar na nan cif, ba wanda ya taɓa ta.

Mako biyu da sayarwa, jan layin nan ya ɗan ɗago kai. Sai ga Malam maƙwabcina har tsakar gidana da fensir, zai nuna min nawa na yi asara saboda gaggawa. Ranar ne kuwa aka cire wa uwar yara bandeji, bayan aikin idon da na biya da kuɗin. Yana cikin lissafi ta dube shi ta ce, "Malam, rigarka a baibai take." Ta juyo kaina, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kai kuma ashe haka ka tsufa?" Shekara uku rabon da a zage ni da ido buɗe. Ban san lokacin da na fita duba akuya ba, alhali ba ni da akuya.

Don haka duk wanda ke ganin na yi wauta, ko da Uban Asusu ne da kansa, ya zo gidana ya faɗa da bakinsa. Ba ni zan ba shi amsa ba. Tana zaune bakin ƙofa da muciya a hannu, kuma yanzu jifanta ba ya kuskure.