Makarantar Falona a Unguwar Zahir

Duk abin da zan manta na zamanmu a Makka, ba zan taɓa mantawa da safiyar da wata baƙuwa mai baƙar jaka ta ƙwanƙwasa mana ƙofa ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na rufe fuska.

Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ne ya samu gurbin ƙaro karatu a Makka, sai muka tattara daga Kano muka bi shi, ni da yaranmu biyu: Nusaiba, mai shekara tara a lokacin, da ƙanenta Mu'azzam da bai cika bakwai ba. Muka kama haya a hawa na uku na wani gida a unguwar Zahir. Mun iso an riga an yi nisa a zangon karatu, ga takardun makarantar yaran suna can gida ana yawo da su daga ofis zuwa ofis ana neman hatimi. Malam ya damu yara za su zauna haka nan ba karatu. Ni kuwa na ce ya kwantar da hankalinsa, ai malamar firamare ya aura. (Da irin muryar da na faɗi wannan magana, ya kamata a ce tun a ranar wani ya ja mini kunne.)

Nan da nan na mayar da falo aji. Na sayo farin allo a kasuwar unguwa, na manna haruffa a bango, har ƙararrawa na haɗa da cokali da murfin tukunya. Malam na fita da safe sai mu yi layi, mu yi addu'a, mu shiga lissafi irin yadda na saba koyarwa a gida: a rera da ƙarfi, a tafa, a buga ƙafa. Mu'azzam ba ya iya ƙirga goma sai yana tsalle, ni kuma na karanta a wani wuri cewa motsa jiki yana buɗe ƙwaƙwalwa, don haka na ƙyale shi.

Wata rana Malam ya dawo daga ofishin ilimi ya ce kafin a karɓi yaran a makaranta sai mushrifa, wato jami'a mai duba harkar karatu, ta gwada su ta ga ajin da ya dace da su. Idan ba ta gamsu ba, ana iya mayar da Nusaiba baya. Yarinyar da take ta ɗaya a ajinsu a Kano, a ce a hannun uwarta malama ta koma baya? Da wane ido zan kalli dangin Malam?

Maimakon na tambaye shi ƙarin bayani, sai na kira Maman Ilham, wata 'yar garinmu da ta riga mu zuwa Makka, wadda ba a taɓa tambayarta abu ta ce ba ta sani ba.

"Ke, har gida suke zuwa," in ji ta, "kuma ba sanarwa. Su duba allo, su duba littafi, na ji an ce har firji suna buɗewa. In suka ga yara ba sa karatu, maganar har iƙama take taɓawa."

Iƙama fa, takardar izinin zamanmu a ƙasar. Tun daga ranar na daina zama da zanin gida. Kullum da safe sai na ci ado na ɗora abayata ta fita unguwa, yara su sha wanka, na kuma ɓoye kwalin dabino mai kyau a saman kabad na ce na mushrifa ne, duk wanda ya taɓa ya kuka da kansa.

Ranar da abin zai faru, muna tsakiyar "uku sau uku tara" aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe na ga wata doguwar mata, baƙa kamar ni, da jaka a kafaɗa da waya a hannu. Ta ɗage niƙabi, fuskar nan a ɗaure tam. Ta yi sallama ta zubo Larabcin Makka mai gudu kamar famfo, wanda a cikinsa kalmomi biyu kawai na kama: "dirasa" da "aulad". Karatu da yara. Shi ke nan, na ce a raina, ranar ta zo.

(A nan ya kamata na yi bayani: Larabcina na Islamiyya ne. Ina iya karanta hadisi na fassara, amma idan na buɗe baki a kasuwa, masu kanti kallona suke kamar na zo yi musu huɗubar Juma'a.)

Na ja ta ciki ina ta "ahlan wa sahlan", na zaunar da ita a kujera mafi laushi, na sauko da dabinon nan na dire mata da gahawa. Ta buɗe baki za ta yi magana na ɗaga hannu na ce, "Lahza, lahza," wato ta ɗan dakata. Ni a ganina, malamin ƙwarai ba ya jira a tambaye shi, aikinsa ne ke magana.

Na juya wurin yara na yi ƙasa da murya da Hausa: "Nusaiba, in ta tambaye ki ko muna kallon talabijin da safe, ki ce ko kunna ta ba ma yi. Kai kuma Mu'azzam, cire yatsa daga hanci."

Na buga murfin tukunya. Baƙuwar ta zabura har gahawa ta kusa zube mata. Muka fara daga biyu sau ɗaya. Na ga ta dafe goshi, sai na fassara hakan da cewa ba ta jin muryar yaran sosai.

"Ku ɗaga murya!" na ce. "Ku buga ƙafa da kyau, ku nuna mata 'yan Kano ne ku!"

Wayyo, suka kuwa nuna mata. Tagogi har rawa suke. Mu'azzam, da ya ga yau an ba shi dama, ya hau kan kujera yana dirowa da kowace lamba. Matar ta sake ɗaga yatsa za ta yi magana, na sake cewa "lahza". Ta ciro waya tana danne-danne, na ce lallai maki take rubuta mana. Ta ɗauki dabino ta jefa a baki, ta ƙara wani, ta ƙara wani, kamar mai neman abin da zai riƙe mata harshe.

Da na ba yara aikin rubutu, sai na ga ya dace na sanar da Malam. A gabanta, ko tashi ban yi ba, na kira shi.

"Malam, mushrifar ta zo, ga ta nan zaune. Wata doguwa ce, fuska ba annuri ko kaɗan, da ganinta ka san mijinta yana shan wahala. Ta kusa cinye mana dabinon nan tas. Ka dai sa mu a addu'a."

"Wace mushrifa kuma?" in ji Malam. "Ai mu ne za mu..."

Na katse, don ba ni da lokacin dogon bayani. Na yi wa baƙuwa murmushi, na sanar da ita da Larabcin huɗuba cewa yanzu za mu shiga bakwai sau bakwai.

Yara sun fara ke nan wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta ce da Hausa tangaran, irin ta Sakkwatawa:

"Na'am Inna. I, ina wurinsu. A'a, ban samu na hwaɗi ba tukuna. I Inna, ni ma ina jin su, ai gabana suke yi."

Ban san lokacin da alƙalamin allo ya suɓuce daga hannuna ba. Yara suka yi tsit.

Ta ajiye wayar a hankali ta dube ni. Sai a lokacin na lura ashe ba fushi ne a fuskarta ba, dariya take ta dannewa tun ɗazu.

"'Yar uwa, ni ba mushrifa ba ce," in ji ta. "Sunana Ummu Faisal, ɗiyar Hajiya Tumba ce ni, tsohuwar da ke ƙasanku. Ɗakin barcinta yana daidai ƙarƙashin falon ga. In ta yi asuba takan koma ta ɗan kwanta, to tun da kuka tare ba ta samu ba. Shi ne ta ce in zo in roƙe ki, don Allah, a rage tsalle."

Ta ɗauki wani dabinon ta ƙara da cewa, "Mijina kuma lafiya lau yake, alhamdu lillah. Zan dai gaya mishi kin tausaya mishi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ba tare da na ɗauki ko takalmi ba. Wato mata ta zo roƙon a rage hayaniya, ni kuma na zaunar da ita na ninka mata hayaniyar, na haɗa mata da zagi a kan kujerata. A Kano ƙasa ce a ƙarƙashin ajina. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa a nan mutane ne ba.

Mu'azzam ne ya ƙarasa ni. Ya matso kusa da ita ya ce, "Anti, gaskiya muna kallon talabijin da safe."

Nan matar ta fashe da dariyar da take riƙewa, har da hawaye. Ni ma da na rasa abin yi sai na bi ta, ina dariya ina ba da haƙuri, ina cewa wallahi sharrin baki ne.

A ranar na sa hijabi na bi ta ƙasa na durƙusa gaban Hajiya Tumba. Tsohuwa ce mai fara'a, ta zo aikin hajji tun tana amarya, Allah ya yi zamanta a nan. Ta ce karatun Alƙur'anin yaran yana yi mata daɗi, dirowar nan ce dai take ji har cikin haƙoranta. Muka yi sulhu: aji ya koma ɗakin da ke saman kicin ɗinta, aka shimfiɗa kafet mai kauri, ƙararrawa kuma ta koma bakin aikinta na rufe tukunya.

Ummu Faisal ce ta warware mini zancen da na hana Malam ƙarasawa: babu mai zuwa gidan kowa, iyaye ne ke kai yara a gwada su idan takardu sun kammala. Ta kuma gaya mini gaskiyar da ban so ji ba, cewa lissafin yaran ba shi da matsala, Larabcinsu ne ke bukatar taimako, kuma ba daga wurina ba. Ta riƙa kiran su da yamma suna hira da 'ya'yanta. Ranar gwajin ma ita ta raka mu. Mushrifar gaskiya ashe wata 'yar gajeriya ce mai yawan murmushi, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Nusaiba ta samu ajinta da ƙyar, da sharaɗin ta dage da Larabci, Mu'azzam kuma ya shiga aji ɗaya. Maman Ilham da na ba ta labari cewa ta yi, "To ai ni ma ji na yi an ce."

Malam kuwa ya samu abin tsokana. Duk baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko mai kawo tulun gas ne, sai ya leƙo ya ce, "Malama, a buga ƙararrawa ne?"

Abin da na koya dai bai da yawa. Idan baƙo ya buɗe baki, a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa kafin a fara yi masa darasi. Sannan duk mai shirin gulma a Makka ya nemi wani yare daban, don Hausa kam ta riga mu zuwa garin.