Yadda Za Ka Ƙirƙiro Dattijo a Fesbuk, Ka Kuma Binne Shi Lafiya

Idan kana da kamfanin gyara sunan mutane, wanda 'yan boko ke kira hulɗa da jama'a, kuma har yau da fosta da lasifika kake aiki, ja kujera. Ni ne Asher, mai kamfanin Suna Linzami da ke Kafanchan. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan yadda na jera su, sunan kwastomanka zai shiga kowace waya daga nan har Gwantu. Na gwada da hannuna, ya yi.

Mataki na 1: Sauke lasifika daga kan mota

A da aikinmu mai sauƙi ne. Ka buga fosta, ka manna a bangon tasha, ruwan sama ya wanke rabi, akuya ta cinye rabi, ka sake bugawa. Yanzu kuwa ba mai ɗaga kai ya kalli bango, kowa ya sunkuya kan waya. To bi su can.

Nemi wanda ya iya wayar. Ni na ɗauki Shamsiyya, haifaffiyar unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, wadda ta tashi cikin maƙwabta iri-iri har ta iya bakin kowa. Ba ta da surutu, amma yatsunta ba sa hutawa. Na naɗa ta Daraktar Sashen Yanar Gizo. Sashen shi ne kujerar da ke kusa da soket.

Mataki na 2: Samo kwastoma mai son kujera

Nawa shi ne Meshak, dillalin citta, mutumin kirki. Yana neman shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwar citta, abokiyar takararsa kuwa Madam Clara ce, mai babban sito da babbar murya. Meshak ba shi da maƙiyi ko ɗaya. Matsalarsa ita ce ba mai tunawa da shi.

“Oga Asher,” in ji shi, “ni dai ina so mutane su san ni. Jiya a mitin sakatare ya tambaye ni ko ni baƙo ne. Tare da ni aka kafa ƙungiyan nan fa.”

“Kwantar da hankalinka, Ciyaman,” na ce masa.

Ka fara kiran kwastoma da muƙamin tun ranar farko. Yana taimaka masa, kai kuma ba ya rage ka da komai.

Muka buɗe masa shafi, muka sa hotonsa da babbar riga a gaban buhunan citta. Waɗanda suka nuna sun gani: matarsa, ni, da wani mai maganin basir daga Legas.

Mataki na 3: Ƙirƙiro mai yabo

Yabon kai jahilci, saboda haka wani ne zai yi yabon. Kada ka ƙirƙiro saurayi, ba mai yarda da saurayi. Dattijo za ka yi.

Namu muka sa masa suna Baba Gershon, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya koma noma a Kagoma. Kada ka sa fuska, domin kowace fuska tana da dangi. Mu hoton fartanya muka sa, a jingine da bishiyar mangwaro.

Abu mafi muhimmanci: kada kwastoma ya sani. Kwastoman da ya san gaskiya, fuskarsa takan tona shi.

Shamsiyya ta rubuta maganar Baba ta farko a ƙarƙashin hoton Meshak: “Yaron nan na san ubansa. Gidansu ba su taɓa zuba ƙasa cikin buhu ba.”

Kafin azahar Meshak ya kira ni.

“Oga, akwai wani baba a Fesbuk ya san babana!”

“Ka ga amfanin aikin kirki ke nan, Ciyaman.”

Mataki na 4: Bar dattijon ya yi magana

Wannan shekarar ce cuta ta shiga gonakin citta. Mutane suka je tono, suka tarar da ruɓa. Shafin da muka buɗe don kamfen ya koma wurin kuka. Wani manomi daga Samaru Kataf ya rubuta cewa komai nasa ya tafi, ya kasa gaya wa matarsa, kullum yana ɗaukar fartanya ya fita kamar akwai abin yi.

Shamsiyya ba ta tambaye ni ba, ta amsa masa da bakin Baba: “Ɗana, citta ce ta ruɓe, ba kai ba. Je ka faɗa wa matarka kafin maƙwabta su faɗa mata. Ku zauna ku biyu ku ga abin da za ku shuka baɗi. Ƙasa ba ta yi fushi da kai ba.”

Maganar ta fita daga Fesbuk ta shiga Wasap. Aka karanta ta a tashar 'yan acaɓa, wani fasto ya kawo ta cikin wa'azi. Daga nan aka fara kawo wa Baba komai: rikicin iyakar gona, ɗan da ya ƙi makaranta, suruka mai yaji. Shamsiyya takan daɗe tana kallon wayar kafin ta amsa kowanne.

“Shamsiyya,” na ce, “Meshak fa muke yi wa aiki.”

“To, Oga.”

Tun daga ranar, ƙarshen kowace shawara sai Baba ya ƙara da, “Ku gaida Meshak.” Aka kuwa riƙa gaida shi, har a gidan mai. A sana'armu wannan shi ake kira cin nasara.

Mataki na 5: Hana ganawa

Wata safiya Meshak ya iso ofis da doya a bayan babur, da bunsuru a ɗaure.

“Oga, kai ni wurin Baba. Ba daidai ba ne tsoho yana ta yi mani magana mai kyau, ni ko gaisuwa ban kai ba.”

Tanadi uzurori tun da wuri. Baba ya tafi gona. Baba ya je asibiti Jos duba ido. Baba ba ya son hayaniya. Sai dai uzuri kamar sabulu ne, kullum raguwa yake, bunsurun kuma yana ɗaure a bayan ofishina yana cin tsofaffin fosta.

Sannan Madam Clara ta miƙe a taron ƙungiya ta ce, “Ni ma Baba Gershon ubana ne. In ya zo nan da ƙafansa ya ce Meshak, ni na janye.” Aka yi tafi. Nan take aka yanke cewa ranar zaɓe Baba ne babban baƙo, za a aika mota ta ɗauko shi.

Mataki na 6: Rufe kamfen

Dattijon da za a aika wa mota, lokacinsa ya yi.

“Oga, kashe shi za mu yi?” in ji Shamsiyya.

“Ba kisa ba ne. Rufe kamfen ne.”

“Akwai wata mata da yake sasanta ta da ɗanta. Bai gama ba.”

“Ya gama da ita yau, gobe ya huta.”

Ta roƙi a bar Baba ya yi sallama, na yarda. Shawarata gare ka: karanta sallamar kafin a saka. Ni ban karanta ba. Ga abin da ya fita: “'Ya'yana, na gaji. Kada ku ɓata zumunci a kan kujera, kujera ba ta raka mutum kabari. Wanda ya fi iyawa a bar masa.”

Washegari muka sanar, da sunan jikansa, cewa Baba ya koma gida wurin Ubangijinsa, iyali kuma suna roƙon a bar su su yi jana'iza su kaɗai. Na ga ana rubuta haka a manyan birane. Ka sani, a kudancin Kaduna babu jana'izar da ake yi su kaɗai.

Mataki na 7: Shiga motar gaisuwa

Meshak ya ɗauki bas. Madam Clara ta cika wata bas ɗin da matan zumunta na coci, da tukwane, da buhun masara. Aka kwance bunsurun aka saka shi. In aka ce ka zo, ka je. Wanda ya ƙi zuwa gaisuwa shi ake fara zargi.

Da muka isa Kagoma, Meshak ya leƙa ta taga ya tambayi wani ɗan acaɓa, “Ina gidan baban da ya rasu?”

Na sa ran zai ce ba wanda ya rasu. Sai ya ce, “Ku biyo ni.”

Ya kai mu wani ƙaramin gida a ƙarshen gari. 'Yan benci kaɗan ne a waje, rabinsu ba kowa. Wani tsoho ne ya rasu, manomi, ba shi da 'ya'ya a kusa. Matarsa, Mama Miriyam, tana zaune a kan tabarma da maƙwabta ƙalilan. Ta ga bas biyu sun tsaya, ta miƙe a tsorace.

Meshak ya durƙusa a gabanta yana hawaye. “Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ku. Mu 'ya'yan Baba Gershon ne.”

“Luke ne sunan shi, ɗana.”

“A waya Gershon yake amfani da shi, Mama,” in ji Madam Clara.

“Ya yi aikin jirgi, ko?” Meshak ya tambaya.

“Ya taɓa shiga jirgi dai.”

Meshak ya gyaɗa kai, ya gamsu.

Madam Clara ta zauna kusa da ita, ta ciro waya, ta fara karanta mata maganganun Baba ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar ta saurara, bakinta a buɗe.

“Amma shi ba shi da waya,” ta ce a hankali.

“Shi ya sa kullum yana daɗewa a gona, a can yake ɓoye wayan,” in ji wani maƙwabci. Kowa ya ce lallai.

Mama Miriyam ta goge ido da bakin zane. “Mutumin nan, tun da na aure shi, in na yi magana sai ya ce ‘to’. Abinci ya yi gishiri, ‘to’. Yaro ya yi ciwo, ‘to’. Ni ina cewa ba abin da yake cikin kan shi. Ashe duk magana yana nan a cikin shi.” Ta taɓa hannun Madam Clara. “'Yata, sake karanta mani wancan, mai cewa ‘je ka faɗa wa matarka’.”

Aka sake karantawa. Shamsiyya, wadda ta biyo mu, ta tashi ta shiga wajen masu girki, ba ta sake fitowa ba sai da za a tafi. Ni kuwa na yi shiru. Ka koyi wannan: shiru ma hulɗa da jama'a ne.

Mataki na 8: Kira sakamakon nasara

A bakin kabari Meshak ya nemi a ba shi dama. Ya ce, “Baba ya ce wanda ya fi iyawa a bar masa. Madam Clara ya fi ni iyawa, kowa ya sani, ni ma na sani. Na janye.”

Madam Clara ta rungume shi, ta ce shi ne mataimakinta ko ya so ko ya ƙi. Hoton rungumar ya zagaya ko'ina. Yau ba ɗan citta ɗaya da bai san Meshak ba. Ƙungiya ta sake wa Mama Miriyam rufin ɗaki, Meshak kuma yakan kai mata doya, ya zauna ta ba shi labarin Baba.

Shamsiyya ta ajiye aiki cikin satin. Ta buɗe shafi da sunanta da fuskarta, tana ba da irin shawarar da Baba ke bayarwa. Amsar farko da ta samu ita ce, “Ke yarinya, me kika sani?” Ba ta rufe shafin ba.

Sanarwa

Kamfanin Suna Linzami ba shi da hannu a duk abin da ya same ka ta bin waɗannan matakai, ko zaɓen da ka rasa, ko ma'aikaciyar da ta tafi, ko jana'izar da ka tsinci kanka a ciki. Ba ma kuma amsa tambaya a kan wani dattijo, mai rai ko marigayi. In ka haɗu da Mama Miriyam a kasuwa ta tsayar da kai ta ce, “Kamar yadda mijina ya faɗa, ƙasa ba ta yi fushi da kai ba,” cire hula, ka ce, “Gaskiya ne, Mama,” ka wuce.