Rawanin Bazo a Cikin Taya

"…da gajiya kuma? Iyali lafiya? Albasa lafiya? To raƙumin fa, ɗan kawu? Au, na manta, ka sayar da shi ka sayo abin tusa mai ƙafa biyu."

Bazo bai ɗago ba. Yana tsugune a ƙofar garkarsa ta albasa a Tabelot, yana goge jan babur da gefen riga. Tanalher ce tsaye a kansa da wannan gaisuwa. Shi ɗan kawunta ne, ita 'yar gwaggonsa. Tun suna yawo ba wando suke cin mutuncin juna, ga furfura ta gama da su, ba wanda ya gaji.

"Lafiya lau, uwar awaki. Wa ya mutu kika sa takalmi?"

"Ba wanda ya mutu. Autata Azahra ce ta haihu a Tin Awak, mace. Yau kwana shida."

Sai ya ajiye gefen rigar. Gobe malamai za su yanka rago su raɗa nasu sunan, amma yau kafin rana ta faɗi tsofaffin mata za su zaga bukka da jaririya, su sa mata wanda za a kira ta da shi har ta tsufa. In kakar wajen uwa ba ta nan, ta wajen uba ke sawa. 'Ya'yan Azahra na baya uku, duka ukun surukarta Shimo ce ta sa musu, don kowane karo Tanalher na isowa bisa jaki an riga an watse. Bana kuma ƙorama ta cika ta hana motocin albasa wucewa, samarin gari duk suna wurin haƙar zinariya.

"Wato sai da samari suka ƙare kika tuna da ni."

"Sai da jakuna suka ƙare."

"Hanyar mota ruwa ya cinye."

"Wa ya yi maka zancen mota? Akwai ta awaki, ta bayan dutse. Shekara goma sha biyu ina kiwo a kanta."

"Akuya ƙafa huɗu gare ta."

"Ni da kai nawa ne? Tashi!"

Ya tashi yana gunaguni, amma idonsa sai ƙyalli yake tsakanin rawani da amawali. Wata biyu da sayen babur, bai taɓa wuce kasuwa da shi ba. Ya cire takalmansa ya rataye a hannun babur.

"Mayar da takalminka, tsohon banza. Wannan ba raƙumi ba ne, ba shi da wuyan da za ka taka."

"Shekara arba'in ina zuwa Bilma fataucin gishiri, ban taɓa hawa sirdi da takalmi ba. Mene ne a ƙunshin nan?"

"Cuku da dabino. Da abin da ya fi ƙarfinka."

Sabon turkuɗi ne, baƙin mayafi mai ƙyallin shuni, shekara biyu yana naɗe cikin takarda a ƙasan akwati. Ta yi rantsuwa sai ta yafa shi a gaban Shimo, shuni na zuba mata a wuya, sannan ta faɗi sunan da ta riƙe a baki wata tara.

Suka bar garkuna, suka bar dabinai, hanya ta tsuke ta fara hawa. Da farko Tanalher ta damƙe rigarsa tana salati. Ba a yi nisa ba ta saki hannu ɗaya.

"Iyakar gudunsa ke nan?"

"Kina son ki isa ko kina son a kai ki?"

"Ƙara masa wuta! Jakina mai ɗingishi ya fi wannan zuciya!"

Ya ƙara. Iska ta cika mata zane, ta saki guɗa har wasu remaye suka zube cikin ramukan duwatsu. Ruwan bana ya wanke dutse baƙi wuluk, ciyawa ta fito a kowane tsagi, farar ƙaya ta yi fure, ƙamshinta na dukan hanci. Da suka kai ƙololuwa sai ga ƙasa duka a shimfiɗe, garkunan Tabelot sun koma kamar kore-koren zare a bakin ƙorama.

"Dubi can, Bazo! Gindin aduwar can na haifar da akuya 'yan uku!"

"Ke kika haifa ko ita? Kamar ta yi yawa."

"Dama! Bi dama, makaho! Can kuma ka faɗa rijiya kana leƙen 'yan mata."

"Ke kika tura ni."

"Na tura ka, ka fito da laka har hanci, uwata ta ba ka cuku ka daina kuka."

Sai gangara ta zo. Babur ya sunkuyar da kai ya ɗauki gudu, tsakuwa na tashi. Bazo ya ja hannayen babur baya kamar akala, ya shiga yi masa irin sautin da ake yi wa raƙumi ya gurfana.

"Shhh! Shhh!"

"Birki, Bazo! Ba ya jin shhh! Taka birki!"

Ya kai ƙafa neman birki, ƙafar ta sauka kan salansar babur mai zafi. Ihun da ya yi sai da dutse ya maimaita sau uku. Allah ya taimaka rairayi ya tare su a ƙasa. Ya sauka ya mayar da takalmansa.

"A Bilma ma haka kuke yi?"

"Yi mini shiru."

Rana ta ɗan karkata lokacin da ta ji ƙarar ruwa ta hagu. Ta san wurin. Tafki ne a cikin dutse, ruwa na zubo masa daga sama, inda take shayar da awaki tana budurwa. Rabonta da shi tun kafin aurenta.

"Ratse nan."

"Ba hanyarmu ba ce."

"Kallo ɗaya zan yi. Ratse, ko sai na ja maka kunne?"

Ya ratse, suka kutsa ƙarƙashin itatuwan ƙaya. Tafkin na nan yadda ta bar shi, kore shar, sanyi na tashi daga cikinsa. Ta tsoma ƙafafu, ta sha da tafin hannu, bakinta ya mutu na ɗan lokaci, abin da Bazo ya ce bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Da suka dawo wurin babur, tayar baya ta kwanta, ƙaya tsawon yatsa a cikinta.

"To fito da kayan faci."

Ya buɗe jakar da ke ɗaure a baya. Buta. Kofuna uku. Gawayi, ganyen shayi, da sukari dunƙule guda.

"Ina famfon? Ina robar?"

"Wuri ne ya yi kaɗan."

"Ka cire kayan gyara ka sa shayi?"

"Mutum ya yi tafiya ba shayi? Ke wa ya ce ki kawo mu cikin ƙaya gaida ruwa?"

Ƙarfe guda ya rage a ƙasan jakar. Da shi ya ɓanɓare gefen tayar, suka cusa ciyawa har ta cika. Ba su yi tafiyar kirki ba ɗanyar ciyawa ta niƙe ta zama miya, tana tsiyaya kore. Tanalher ta dubi rana, ta dubi dutsen da ya rage a gabansu, ta zauna a ƙasa.

"Shi ke nan. Shimo ta yi huɗu."

Ba ta ƙara zagi ba, wannan ne ya dame shi. Ya tsaya yana kallonta, ya juya baya, ya kai hannu kansa. Rawani kamu goma sha biyu ya warware, ya murɗe shi kamar igiya, ya dinga dannawa cikin taya da ƙarfen nan har ta tashi tsaye. Tun ranar da aka naɗa masa shi yana saurayi, ko abinci ta ƙarƙashin amawali yake ci.

"Hau. In kika kalle ni, Allah ya isa."

Ta zagayo gabansa ta kalla da kyau.

"Innalillahi! Bazo, ina haƙoran?"

"Hau, na ce!"

"Biyu! Ɗaya gabas ɗaya yamma! Ashe shekara da shekaru kango kake lulluɓewa!"

Babur ya tafi yana ɗingishi, amma ya tafi. Duk hawan nan dariya take, yana ce mata ƙudan da ke shiga bakinsa alhakinsu na wuyanta. Da suka ɓullo ta ƙarshen dutse sai ga Tin Awak can ƙasa, bukkoki da hayaƙi, mata sun fara taruwa a ƙofar Azahra. Rana saura yatsa biyu ta taɓa dutse. Bazo ya taka birki, wannan karon daidai.

"Nan na tsaya."

"Ka haukace? Da gwiwoyin nan sai an yi sallar magariba ban kai ba!"

"Dangin matata rabin garin nan ne. In shiga gaban surukaina baki buɗe? Gara ki binne ni nan."

Ta san ba wasa yake ba. Ta dubi ƙunshinta. Ta dubi taron matan, har ta hango wata doguwa tana kai da kawo a tsakiya, tafiyar Shimo ce. Ta kwance ƙunshin, ta yage takardar.

"Ungo. Rufe kangon."

"Turkuɗin? Na gaban Shimo?"

"Naɗa kafin in dawo hayyacina!"

Haka suka shiga Tin Awak, hon na tashi, kaji na watsewa, Bazo na walƙiya kamar angon sarauta, ita a baya da koɗaɗɗen mayafi da miyar ciyawa a zane. An riga an fito da jaririya, Shimo ta gyara murya. Tanalher ta diro tun babur bai tsaya ba.

"Riƙe bakinki, Shimo, kakar wajen uwa ta iso!"

Aka miƙa mata jaririyar. Suka zaga bukka sau uku, mata na jiran suna. Sai jaririyar ta yi hamma, baki wangame, dasashi fal ba komai a kai. Tanalher ta leƙa ciki. Sunan wata tara ya tashi daga kanta, dariya ta kama ta har sai da aka riƙe ta.

"Sunanta Tabazot. Takwarar Bazo ce."

Aka ɗauki guɗa. Shimo ta taɓe baki ta ce me ya haɗa yarinya da wannan tsoho.

"Kama suke yi," in ji Tanalher. "Ku dai ba ku gani ba."

Can kan tabarmar maza Bazo ya ja amawali har ƙarƙashin ido. Da ta fito ta wuce ta gefensa, ya yi ƙasa da murya.

"Na fi ta da haƙora biyu."

"Ka fi ta. Gobe ka maido mini turkuɗina."

"Naki na cikin taya. Kamu goma sha biyu, je ki ciro."

Ta tuntsire da dariya. Ta ciro cuku guda daga ƙunshi ta jefa masa a cinya.

"Riƙe, ka ci. Ka jiƙa shi tukuna, kada haƙorin gabas ya faɗi."