Maharbina da Zabonsa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a shekarata ta biyu ina koyar da lissafi a wata sakandare a Rano.

Abokin aikina Malam Nura ne ya zo mana da wani wasa daga Kano. Kowa zai ƙirƙiri jaruminsa a takarda, ya raba masa maki, Nura yana ba da labari, mu kuma muna jefa ɗan lido mai fuska ashirin don ganin ko abin da jarumin ya yi niyya zai yiwu. Bayan an tashi muke yi, a ofishin malamai.

Ni maharbi na zaɓa, mutumin daji mai kwari da baka. Nura ya ce, "Ka zuba makinka a saurin hannu da kaifin ido, ka ɗauki kare ya riƙa raka ka."

Na ƙi. Na kwashe makin nan na zuba a kwarjini (a zahiri ban samu ba, na ce bari in samu a takarda). Maimakon kare kuma na ɗauki zabo, wai shi zai riƙa sanar da ni in maƙiyi ya matso.

Ranar muna laɓaɓawa za mu wuce kogon wani dodo. Na jefa lido, ya ba ni ɗaya, mafi munin abin da za a samu. Nura ya ce, "Zabonka ya firgita. Yi mana kukansa, haka doka take."

Da na yi a zaune ma da sauƙi. Sai na hau benci, na lanƙwasa hannuwa, na miƙe wuya, ina "kurkyat, kurkyat" iya ƙarfina.

Shirun da ɗakin ya yi ne ya sa na waiwaya. Shugaban makaranta ne a bakin ƙofa, tare da wani dattijo makiyayi daga Durba, Alhaji Buba. Ashe yana shawarar cire 'yarsa daga makarantar, shugaban ya kawo shi ya ga malamin ajinta, wato ni, bayan ya gama yi masa bayanin cewa duk makarantar babu mai natsuwata.

Na sauko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba caca ba ce. Ni maharbi ne, wannan kuma zabona ne."

Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai kukan mace ne. Namiji ba ya yin haka."

Ya gyara tsayuwa, ya yi mini na namijin sau biyu, a tsanake, ya ce in maimaita. Na maimaita a gaban shugaba. Ya ce da saura.

Yarinyar dai bai cire ta ba. Ya ce wa shugaban malamin yana karɓar gyara.

Abin da na koya shi ne, in har za ka yi shirme to ka iya shi. Karɓar gyara kuma ba ya ciwo.