Ranar Da Na Loda Kayan Jere Da Tsarin Soja

Ba zan taɓa mantawa da bikin Yaya Balkisu ba, ko da na so in manta, dangi ba za su bari ba. Ina aji huɗu a sakandare a lokacin, kuma duk gidanmu a Anka an san ni da abu biyu: rashin magana da kyawun rubutu. Abin da ba a sani ba shi ne, a cikin shirun nan nawa ina kallon kaina a matsayin babbar jami'ar soja.

Laifin Kawu Saje ne, ƙanin Innarmu. Shekara ashirin da wani abu ya yi a soja, dukansu a sito. Aikinsa raba shinkafa da takalma da man mota, amma idan yana ba da labari sai ka rantse shi kaɗai ya riƙe ƙasar nan. Kullum da yamma yakan zauna a kan tabarma, biro a maƙale a kunne (biron ba ya rubutu, na taɓa gwadawa), ya shiga karanta wa maza ƙa'idojinsa. Komai a rubuta. Abin da za a fara nema shi ake lodawa a ƙarshe. Sai wadda ya fi so: "Ba a zuba kaya iri ɗaya cikin mota guda. Rabawa akai, in ɗaya ta tsaya, ɗaya ta kai."

Ni kuwa ina gefe ina tsintar wake, ina haddacewa. Ban taɓa yi masa tambaya ba. Kunya ba ta bari.

Da ranar jere ta zo, za a kai kayan ɗakin amarya Gummi a mota biyu, kanta ɗaya da a-kori-kura ɗaya. Mata duk sun yi gaba da girki da baƙi, sai Gwaggo Luba, wadda ita ce shugabar 'yan jere, ta miƙo mini littafi ta ce, "Ke da ba ki da surutu, tsaya ki rubuta abin da anka sa cikin kowace mota." Rubutu kawai aka ce in yi. Ni na ƙara wa kaina girma.

Na ja layi a tsakiyar shafi, na rubuta Mota Ta Ɗaya da Mota Ta Biyu, na fara nuni da yatsa. Tukwane nan, murafensu can. Katifa da allon gado nan, ƙafafu da kusoshi can. Labule nan, sandunan ratayewa can. Turmi nan, taɓarya can. Kulolin abinci goma sha biyu, na bi su ɗaya bayan ɗaya na cire musu murfi da hannuna, na ɗaure a zani. (Takalman amarya kaɗai suka tsira, don akwatin a kulle yake. Na dai yi tunanin abin.)

Direban a-kori-kura, wani dattijo mai jan gemu, ya tsaya da murfin tukunya a hannu ya ce, "Ɗiyata, wanga ba tare da uwatai za shi ba?"

Ni da ba na iya amsa sunana da ƙarfi a aji, na ɗaga kai na ce, "Tsarin soja ne, Baba." Ya dube ni, ya dubi murfin, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a."

Ni da Gwaggo muka bi Mota Ta Ɗaya, wato kanta, muka isa Gummi kafin azahar. An share ɗaki, an fara shigo da kaya, sai wayar Gwaggo ta yi ƙara. Dattijon ne. Motarsa ta mutu kusa da mararrabar Bukkuyum, abin da ya lalace sai an aiko da shi, kuma kowa ya san ba mai bin hanyar nan idan rana ta yi sanyi. Sai gobe.

Gwaggo ba ta damu ba. Ta ce, "Ba komi, mu jera abin da munka zo da shi, dangin ango na zuwa ganin ɗaki bayan la'asar. Rabin kaya ma ya isa a fita kunya." Wallahi a wannan lokacin har wani daɗi na ji. Ga ranar da Kawu yake faɗa ta zo, ɗaya ta tsaya, ɗaya ta kai, kuma ni ce na ceci gidanmu. Na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Gwaggo ta ce, "A miƙo ƙafafun gado."

Aka ɗaga katifa, aka leƙa bayan allon gado, babu ko ɗaya.

"To a rataya labule tukuna. Ina sanduna?"

Aka duba, babu. Aka jera kuloli a kan kabad, kowace baki buɗe kamar yara masu jiran ɗigon rigakafi. Gwaggo ta ɗaga tukunya ta farko, ta biyu, ta uku. Na lura jijiyar wuyanta ta fara motsi, kuma ɗankwalinta ya zame baya ba ta gyara ba. Ana cikin haka dangin ango suka yi sallama, mata kusan goma, sun sha lalle da turare, biyu har sun ɗaga waya za su ɗauki hoto.

Gwaggo ta ce, a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro, "Wa ya loda kayan ga?"

Mai hankali zai yi shiru. Ni da shiru ne sana'ata, ranar na ga dama in yi jawabi. Na buɗe littafi na karanto musu layi-layi, na rufe da cewa an raba ne saboda ko da mota ɗaya ta tsaya, kamar yadda Kawu Saje yake faɗa. Wata gwaggon ango mai haƙorin makka ta leƙa littafin ta ce, "Kai, rubutu dai ga shi kamar na inji. To ɗiyata, amaryar fa? Duka za a kawo muna ita, ko ita ma rabi na Bukkuyum?"

Dariyar da aka yi har maƙwabta sai da suka leƙo ta katanga.

Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta kira Kawu, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Na yi zaton zai kare ni, ai ɗalibarsa ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Subhanallahi! Ni buhu goma nika nufi, biyar nan biyar can, kowace mota da cikakken kayanta. Yaushe na ce a kai takalmin dama gabas na hagu yamma? Da a bariki ne, da yau ta sha gwale-gwale." Ya ƙara da cewa shi bai ma san ina saurarensa ba.

Haka aka shimfiɗa katifa a ƙasa, aka ɗaure labule da igiyar shanya, aka bi gidajen mutanen da ba mu taɓa gani ba ana aron murafe. Na tsaya ina kallon kula ja da murfi kore, tukunyar silba da faranti a kife a kanta. Hoton kuma ya riga mu komawa Anka. Motar ta iso washegari da hantsi, aka sake jere tun daga farko, amma Yaya Balkisu ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata ba. Da ta ɗaga, abin da ta fara cewa shi ne, "Ranki ya daɗe, Janar."

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar yin tambaya ɗaya a gaban mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan kunyar yin bayani a gaban mata ashirin. Yanzu a makaranta har hannu nake ɗagawa, malamai suna mamaki. A gida kuwa, duk bikin da za a loda kaya, tun kafin mota ta tsaya ake neman jaririn wani a ɗora mini a cinya, a ce in zauna daga can cikin inuwa, kada in wahalar da kaina.