Mai Baki Ta Yi Shiru a Gwallaga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Malam Sabitu Ɗanlarai, direban haya na unguwar Gwallaga a cikin garin Bauchi, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a da fasinjojinsa na hanyar Jos rasuwar na'urar sauti mai allo da ke gaban motarsa, wadda 'yan tasha suka sani da suna Mai Baki. Ta rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan doguwar jinya.

Ba a hannun Malam Sabitu marigayiyar ta tashi ba. Wanda ya fara ɗaura ta a cikin motar wani soja ne na barikin Shadawanka, Kofur Benedict, mutumin kudu mai faɗin ƙirji da yawan dariya. An tura shi gabas da aiki, sai kakinsa da takalmansa aka dawo wa iyalinsa da su. Matarsa Paulina ta sayar da motar don ta riƙe kanta da 'yarsu Liatu, wadda a lokacin ko yaye ta ba a yi ba. Haka Mai Baki ta shigo Gwallaga, ita da motar tare.

Duk wanda ya yi tafiya da ita zai shaide ta da kyawun hali. Da an murɗa makulli sai ta yi ɗan ƙara, "ƙiling", ta haska fuska, ta ɗora daga daidai inda aka tsaya jiya. Ba ta taɓa ƙin abin da aka ba ta ba. Karatun Alƙur'ani da safe, labarai da rana, waƙar biki in an ɗauko 'yan kai amarya, duk takan karɓa. In filashin fasinja ya zo da abin da ba ta gane ba, sai ta tsallake shi shiru, ba ta kunyata mai shi. In an sa ribas takan nuna wa Malam Sabitu abin da ke bayansa, kuma akuyoyin Gwallaga da dama suna raye yau saboda ita.

Amma ba don waɗannan Malam Sabitu ya kasa cin abinci ranar Talata ba. Watanni kaɗan da sayen motar, yana latse-latse a tasha yana jiran layi, sai ya faɗa wani lungu na cikin na'urar da bai taɓa shiga ba. Muryar namiji ta cika motar, da irin Hausar bariki: "Paulina, ka fito mana, rana ya yi! Ka zo ka ji, wannan abu yana kama murya." Sai dariya mai kauri, sai kukan jaririya daga nesa, sai mutumin ya shiga rarrashinta da wata 'yar waƙa ta yarensu. Ashe ranar da Benedict ya ɗaura na'urar ya gwada ɗaukar magana, ita kuwa ta adana a cikin kanta.

Malam Sabitu ya juya motar ya bar layinsa, ya nufi Shadawanka, inda Paulina ke soya ƙosai a bakin bariki. Ya ce, "Maman Liatu, akwai amanarki a motar nan." Ta shiga ta zauna a gaba, ya kunna, ya fita ya ba ta wuri. Ƙosan da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus.

Tun daga nan, duk Lahadi in an taso daga coci, motar takan tsaya a gindin dalbejiyar da ke kusa da rumfarta. Sun gwada kwafe muryar, manhajar na'urar ta ƙi sakin ta zuwa filashi ko waya. Sun kara waya a bakin sifika sun ɗauka, muryar ta fito siririya kamar daga ƙasan rijiya. Paulina ta saurara sau ɗaya ta goge, ta ce, "Wannan ba shi ba ne." A cikin motar kawai muryar mutumin ke fitowa daga ƙirjinsa, har ƙofa tana rawa in ya yi dariya. Liatu ta girma a kujerar baya tana jin ubanta yana rarrashinta. Ba ta san shi ta wata hanya ba.

Ciwon ajalin ya fara da damina. Da farko Mai Baki takan yi jinkirin farkawa. Daga baya ta fara mantuwa: a bar ta a tsakiyar sura, a dawo a same ta a farkon wata. Sai in'ina ta kama ta, kalma ɗaya ta maimaita ta har sai an kashe mota. Malam Sabitu ya canza fiyus, ya canza batir, ya riƙa lulluɓe ta da tawul in rana ta yi zafi. Lahadin ƙarshe da ta yi magana, ta kai "Paulina, ka fito" ta tsaya. Allon ya yi baƙi, ya dawo da tambarin kamfani, ya sake yin baƙi. Haka ta yi ta yi, tana ƙoƙarin tashi tana faɗuwa, uwa da 'ya suna kallo.

An kai ta wurin Kayode, mai gyaran irin waɗannan na'urori a wajen Ƙofar Dumi. Ya buɗe ta, ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Malam, manhaja ya lalace. In na zuba sabo, zai tashi, zai yi maka aiki kamar da. Amma komai na ciki zai tafi. Komai."

Malam Sabitu ya ce, "Ba yadda za a ciro muryar tukuna?"

Kayode ya girgiza kai. Ya ce ƙofar shiga wurin ita ce ta lalace, shi kuwa ba shi da wata.

Direban haya da motarsa ba ta da sauti, fasinja kan yi masa tsiya, wasu ma su wuce su shiga motar da ke bayansa. Malam Sabitu ya san haka. Duk da haka ya ɗauki waya ya kira Shadawanka, ya faɗa wa Paulina yadda abin yake. Sannan ta ce, "Malam Sabitu, motarka ce, da ita kake ciyar da gida. Ka gyara abinka." Muryarta ba ta yi rawa ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya kashe wayar, ya ce wa Kayode ya zare wayoyinsa ya mayar da murfin. A nan aka tabbatar da rasuwarta.

Marigayiyar ta bar sifikoki a ƙofofin mota, waɗanda yanzu ba su da mai ba su magana, da kyamarar baya da ke kallon hanya ba mai tambayarta abin da ta gani. Ta bar Malam Sabitu, wanda har yanzu yakan miƙa hannu wurinta in ya tayar da mota. Ta bar Paulina, wadda ta yi takaba sau ɗaya a bariki, yanzu kuma ga wannan. Ta bar Liatu, 'yar aji uku a firamare.

Ba za a yi wanka ba, ba za a yi salla ba, kuma ba za a kai ta bola ko wurin 'yan gwangwan ba. Ramin da ta bari a gaban mota za a toshe shi da falanki. Ranar Lahadi mai zuwa, bayan an taso daga coci, za a ɗauko ta daga Gwallaga a naɗe cikin farin ƙyalle, a kai ta Shadawanka, a sa ta cikin akwatin ƙarfen da kakin Kofur Benedict yake ciki. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su kawo labarin wani gwanin gyara a Kano ko Legas a gaban yarinyar. Liatu ce za ta ɗauki marigayiyar daga mota zuwa ɗaki. Ta roƙi kada a sa wa akwatin kwaɗo, kuma an amince mata.